A Gindin Dutsen Arunachala

Bahaushen da ya je Chennai, galibi ciwo ne ya kai shi, ko nasa ko na wani nasa. Daga filin jirgi sai asibiti, daga asibiti sai masauki, sai kantin magani da wurin canjin kuɗi. In ya dawo aka tambaye shi labarin Indiya, sai ya ce likitocinsu sun san aiki, abincinsu yaji, kuma bai ga ana rawa a kan titi ba kamar yadda fim ya saba nuna mana. Ni ma jinya ce ta kai ni, ta wani kawuna. Aiki ya yi kyau, amma likita ya ce sai an dakata an ga yadda jiki zai karɓa kafin a yarda mu hau jirgi. Ɗansa ya iso ya karɓe ni kwanan asibiti, zama ya yi mini yawa. A wani kantin littattafai na ci karo da ɗan ƙaramin littafi mai 'yan shafuka, sunansa ma tambaya ce, wai wane ne ni. A bangonsa hoton wani tsoho ne mai furfura, ba riga a jikinsa, ya kafe mai kallo da ido. Mai kantin ya ce garin tsohon, Tiruvannamalai, bai kai kilomita 200 daga inda muke tsaye ba.

Da na faɗa wa Kawu, sai ya harare ni ya ce, "Kai dai ba ka rabo da kwashe-kwashe. Je ka, amma ka riƙe sallarka."

Na ce, "To, Kawu, in Allah ya yarda."

Bas ɗin gwamnati na bi. Hanyar ta ratsa gonakin shinkafa da na rake, giginya jere a kan iyakokin gonaki, ta bi ta Tindivanam, sannan ta kutsa tsakanin duwatsun Gingee, inda ganuwa ta haɗe tsaunuka uku. A nan sojojin sarki Aurangzeb suka yi zaman kewaye daga 1690 har 1698 kafin su ci garin, kuma har yau masallacin Sadatullah Khan yana tsaye a cikin ganuwar. Wannan kaɗai ya isa a yi tafiya dominsa, amma direba ba ya jira.

Tun da sauran tafiya Arunachala yake bayyana. Dutse ne guda, tsaye shi kaɗai a fili, tsayinsa ya ɗan haura mita 800, ja-ja da hantsi, toka-toka da yamma. Wanda ya ga manyan tsaunuka ba zai ce masa babba ba. Amma duk garin shi yake kallo. A gindinsa ta gabas akwai haikalin Annamalaiyar, wanda ya cinye fili wajen hekta 10, hasumiyarsa ta ƙofar gabas mai hawa 11 ta kai mita 66. Mabiya addinin Hindu ba su ɗauki dutsen wurin da abin bautarsu Shiva yake zaune ba, sun ɗauke shi Shiva ne kansa. Duk shekara, tsakanin Nuwamba da Disamba, sukan hau da wata ƙatuwar tukunyar tagulla har ƙololuwa, su cika ta da man shanu, su yi lagwani da dogon ƙyalle, su kunna da magariba. Wutar takan kwana fiye da goma tana ci, ana hango ta daga ƙauyuka masu nisa. Ban shiga haikalin ba, ba kuma shi ya kawo ni ba. Na dubi hasumiyar daga kasuwar furanni da ke bakin ƙofa, na jinjina wa magina, na tari adaidaita sahu zuwa kudancin dutsen, inda mazaunin tsohon nan yake. Su ashram suke cewa.

Sunansa na yanka Venkataraman. An haife shi ranar 30 ga Disamba 1879 a Tiruchuli, ɗan wani mai tsaya wa mutane a kotu. Uban ya rasu a 1892, aka kai yaron gidan baffansa a Madurai, aka sa shi makarantar mishan ta Amurkawa. Ba a san shi da ƙoƙarin karatu ba. An dai san shi da ƙarfi, da iyo, da wani irin nauyin barci, har yaran da ba sa iya tunkararsa ido biyu sukan jira ya yi barci su rama. A tsakiyar Yuli 1896, yana ɗan shekara 16, lafiyarsa ƙalau, yana zaune shi kaɗai a bene, sai tsoron mutuwa ya rufe shi farat ɗaya. Abin da ya yi a wannan lokaci shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Bai kira kowa ba. Ya miƙe a ƙasa, ya sandare gaɓoɓinsa, ya riƙe numfashi, ya rufe baki, ya mai da kansa gawa. Sannan ya shiga bin abin daki-daki: ga jiki ya mutu, za a ɗauke shi a kai maƙona ya zama toka, to shi da yake sane da wannan duka, ya mutu ne tare da jikin? Ya ce abin da ya tarar shi ne, sanin nan na cewa yana nan bai ragu da komai ba, kuma daga ranar tsoron mutuwa bai sake kusantarsa ba.

Bayan mako shida, ranar 29 ga Agusta, malamin Turanci ya ba shi horon kwafe darasin nahawu sau uku. Ya kwafa sau biyu, ya ture littafin, ya rufe ido. Yayansa ya yi masa gatse, ya ce mai irin wannan hali me ya zaunar da shi a gida. Maganar ta shige shi. Yayan ya ba shi saƙon rupi biyar na kuɗin makaranta, ya ɗauki uku, ya bar biyu da 'yar takarda cewa kada a ɓata kuɗi wajen nemansa, bai ko sa hannu ba. Ya yanki tikitin Tindivanam, don a tsohuwar taswirar da ya duba nan ce tasha mafi kusa. A cikin jirgi wani dattijon malami Musulmi ne ya ja shi da hira, ya gaya masa an ja sabon layi, ya sauka a Villupuram ya canja. Guzuri ya ƙare a hanya, ya taka wajen kilomita 16 a ƙasa, ya jinginar da 'yan kunnensa a kan rupi huɗu. Ya iso Tiruvannamalai da safiyar 1 ga Satumba 1896. Ya sa aka yi masa aski ƙwal, ya watsa sauran canjin a tafki, ya yagi ƙyalle ya yi bante. Daga ranar har ya mutu, kusan shekara 54, bai sake taɓa barin garin ba.

Watannin farko ba daɗin ji. Ya zauna a zauren haikali mai ginshiƙi dubu, yara suka dame shi da jifa, ya koma wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu da danshi, inda ƙwari suka cinye masa cinyoyi bai ko motsa ba, sai ɗauko shi aka yi. Abinci sai an sa masa a baki. Ni wannan ɓangaren bai burge ni ba, shi ma daga baya bai taɓa ce wa kowa ya kwaikwaye shi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zuwan mahaifiyarsa, Alagammal, a Disamba 1898. Ta yi kuka, ta yi magiya ya koma gida, bai ce mata uffan ba. Da aka matsa, sai ya rubuta mata da fensir cewa abin da aka ƙaddara ba ya fasawa, wanda ba a ƙaddara ba kuma ba ya yiwuwa, don haka shiru ya fi. Duk ɗan da ya san girman uwa sai gabansa ya faɗi da jin wannan. Sai dai labarinsu bai ƙare a nan ba, zan dawo kansa.

A 1902 wani ma'aikacin ofishin haraji mai suna Sivaprakasam Pillai, wanda ya karanta falsafa, ya hau dutsen ya sami saurayin a kogo, ya yi ta jero masa tambayoyi. A lokacin ba ya yawan magana, amsa sai dai ya zana a rairayi ko ya rubuta a allo da alli. Mutumin ya adana abin da ya iya, aka buga a 1923. Shi ne ɗan littafin da na saya. Sunan Ramana Maharshi kuwa wani masanin Sanskrit, Ganapati Muni, ya raɗa masa a 1907.

Hanyar tasa gajera ce a faɗa. Duk tunanin da ya zo wa mutum, a kan "ni" yake rataye: ni aka zalunta, ni nake so, ni nake tsoro, ni na fi wane. Mutane sukan bi tunanin, ko su yi kokawa da shi. Shi kuwa ya ce kada a bi, kada a yi kokawa. Da ya taso, tambayi kanka wa ya zo wa. Amsa ita ce ni. To, wane ne wannan ni ɗin, daga ina yake tasowa? Ba amsar baki ake nema ba, ba kuma maimaita tambayar ake yi kamar wuridi ba. Juyar da hankali ake yi daga abin da ake gani zuwa ga mai ganin, a riƙe shi a nan. Wani tunanin ya sake tasowa, a sake. Yakan ja hankalin masu tambaya ga barci mai nauyi: a cikinsa ba suna, ba muƙami, ba bashi, ba ma jiki, amma da safe kowa yakan ce ya yi barci mai daɗi, wato yana nan ke nan ko da waɗancan duk sun kau. Yakan kuma ce zuciyar da ta ɗaura aniyar kashe zuciya kamar ɓarawo ne da ya sa kayan ɗan sanda ya fita neman ɓarawo, za a sha sintiri, ba za a kama kowa ba. Wanda ya ce tambayar ta fi ƙarfinsa, sai ya ce masa to ya miƙa wuya ga Ubangiji ɗungurungum, ya daina zaɓa wa kansa. Ya ce ƙarshen hanyoyin biyu ɗaya ne.

Wanda ya zauna gaban malaman zaure ba zai ji wannan baƙo sarai ba. Muna da muhasaba da muraƙaba, muna da halwa. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, daga yi wa kai hisabi ya samo laƙabinsa. Imamu Gazali yana kan kujerar koyarwa mafi daraja a makarantar Nizamiyya ya binciki niyyarsa, ya tarar neman suna ne ke tuƙa shi, harshensa ya ɗaure, ya bar Bagadaza a 1095. Tunawa da mutuwa kuwa, wa'azin kowace jana'iza ne a wurinmu, sai dai muna ji da kunne, shi kuwa yaron nan kwanciya ya yi ya gwada. Amma kada a yi kitso da ƙwarƙwata, akwai inda hanya ta rabu. A koyarwarsa, in "ni" na ƙarya ya faɗi, abin da ya rage shi ne haƙiƙar da ba ta da na biyu, babu bambanci tsakanin mai nema da wanda ake nema. Mu kuwa bawa bawa ne, Ubangiji Ubangiji ne, komai nisan da bawa ya yi. A babban zauren da kabarinsa yake na ga ana kewaya shi, ana zuba madara a kan dutsen da aka kafa a kai, ana faɗuwa ƙasa. Na koma gefe na tsaya. Ba wanda ya dube ni, balle ya ce me ya sa. Lokacin salla ya yi, na fita cikin gari na sami masallaci.

Inda na daɗe shi ne tsohon zaure, ɗan ɗaki mai rufin tayil da aka gina a 1928, wanda ya zauna a ciki dare da rana har 1949. Gadon da yake kishingiɗa yana nan a kusurwa, an jingina hotonsa a kai. Ba liman, ba mai wa'azi, ba lasifika, ba mai cewa a rufe ido ko a buɗe. Mutum ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar waje, ya shigo ya sami gefen bango ya zauna. Na ga tsohuwa Batamila da farin sari, na ga matasa masu kama da ma'aikatan kamfanin kwamfuta, na ga Turawa da 'yan Japan, kowa ya yi tsit. A waje dawisu na kuka, birai na tsalle a kan rufi, can nesa yaran makarantar Veda, littattafan addinin Hindu, na rera karatunsu. A ƙasar da direba ba ya tafiya taku goma bai danna oda ba, a ce ga ɗaki cike da mutane ba ka jin ko tari, abin a jinjina ne. An ce haka yake tun yana raye. Mutum ya zo da tambayoyi a rubuce, ya zauna, a yi sa'a guda ba a ce komai ba, ya ninke takardarsa ya mayar aljihu. Na gwada tambayar tasa a zaunen. Abin da na fara tararwa shi ne lissafin kuɗin asibiti, sai wata tsohuwar magana da wani ya taɓa yaɓa mini, sai tunanin abin da zan rubuta game da wannan zama. Kowanne da "ni" a gabansa, kamar yadda ya faɗa. Ko iya nan aka tsaya, an ga wani abu.

Amma abin da ya sa na girmama mutumin ba a zauren na same shi ba, a madafa ne. Masu da'awar sun kai suna da yawa a kowane addini, kuma da'awa ba ta da tsada. Abin dubawa shi ne yadda mutum yake da tukunya, da kuɗi, da wanda ba shi da kowa. Wannan tsoho, da sarakuna da alƙalai ke zuwa su zube a gabansa, shekara da shekaru yakan tashi tun wajen ƙarfe uku na dare ya shiga madafa, ya yanka kayan miya, ya yi niƙa. Yana ɗinke ganyaye a yi faranti, yana ɗaure littattafai, yana gyaran kurakuran ɗab'i. Ba ya yarda a zubar da ɓawo ko kara in za su ciwu, ƙwayar mustad ta faɗi ƙasa sai ya tsince. Abin da ya fi tsananta a kai shi ne rabo. In aka kawo masa wani abin daɗi, ko a raba wa duk wanda ke wurin daidai wa daida, ko a mayar. In mai zuba abinci ya ƙara masa ko cokali guda a kan na sauran, ranar sai an ji a jikinsa. Dukiyarsa bante, sanda da butar ruwa. Ƙofarsa ba ta da sarkin gida, da tsakar dare ma ana iya shiga. Masu cewa za su bar aiki da iyali su zauna wurinsa, yawanci komar da su yake yi, ya ce wanda ya tafi daji da zuciyarsa ai bai bar komai a gida ba. Bai nemi kowa ya bar addininsa ba. Cikin masu zuwa wurinsa har da Musulmi, kamar Dokta Hafiz Syed na Jami'ar Allahabad.

A wani dare na Yuni 1924 ɓarayi suka fasa wurin, lokacin bukkoki ne kawai. Ya ce musu su shigo su ɗauki abin da suka gani, har fitila aka ba su. Duk da haka suka doke shi da sanda a cinya. Wani almajirinsa ya ɗauko ƙarfe zai rama, ya hana shi. Ba su sami abin kirki ba, bayan 'yan kwanaki kuma aka kama su.

Har yau da hantsi, kafin baƙi su ci, sai an fara ciyar da masu yawon ibada da mabarata a farfajiya. Suna jeruwa da jajayen tufafinsu da kwanoninsu, ba turereniya. Sannan a buga ƙararrawa, a shiga ɗakin cin abinci, a zauna a ƙasa sahu-sahu, a shimfiɗa wa kowa ganye, masu rabo su bi da bokitai: shinkafa, miyar wake da kayan lambu, romon tsamiya mai barkono, a rufe da tsala. Ba a karɓar kuɗin shiga, ban kuma ga mai yawo da faranti ba. Mai son ba da gudummawa ya je ofis, a ba shi rasit. Gaskiya dai ba a rasa tabo ba. A zamaninsa akwai shamaki a ɗakin nan tsakanin Brahmin masu tsananin riƙo da al'ada da sauran jama'a. Bai rushe shi ba, ya dai zauna a inda ɓangarorin biyu ke ganinsa, yana cin abin da kowa ke ci. Wani zai ce hikima ce, ni dai na so a ce ya ture shi.

A bayan zauren akwai 'yan ƙananan kaburbura: na barewa, na hankaka, na kare, da na wata saniya mai suna Lakshmi, wadda aka kawo tana maraƙa a 1926 ta mutu a 1948, bayan ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa. Binne dabba da gini ba al'adarmu ba ce, amma wanda ya ga yadda ake lodin shanu a tirela daga kasuwanninmu zuwa kudu ba shi da bakin yin dariya.

Daga ƙofar baya hanya ta hau dutsen, an shimfiɗe ta da duwatsu, tafiyar kamar rabin sa'a ko fiye. Tana kaiwa Skandashram, ɗan gida a jikin dutse, da marmaro da inuwar mangwaro da kwakwa, inda ya zauna daga 1916 zuwa 1922. Daga nan haikalin gaba ɗaya yana shimfiɗe a ƙasa, hasumiyoyinsa tara, hayaniyar gari tana isowa sama-sama, har kiran salla na jiyo. Ƙasa kaɗan akwai kogon Virupaksha, inda ya yi shekara 17 tun daga 1899, ciki zafi da duhu, mutane zaune gumi na zuba ba mai motsi. A 1916 ne uwar nan da aka sallama da rubutun fensir ta dawo, ta tsufa, babban ɗanta ya rasu, ta ce ba inda za ta. Wasu almajirai suka ƙi, wai mace ba ta zama a irin wannan wuri. Bai bi ta tasu ba. Ita ta fara ɗora tukunya, daga nan girkin gidan ya samo asali, kafin nan bara ake yi a gari. Ranar 19 ga Mayu 1922 tana gargara, ya wuni a gefenta, hannu ɗaya a ƙirjinta ɗaya a kanta, har rai ya yi halinsa. Aka sauko da ita aka binne a gindin dutsen. Ya yi ta saukowa kullum, har a Disamba na shekarar ya sauko bai koma ba. Duk ginin nan da mutanen duniya ke tururuwa zuwa gare shi, a gefen kabarin uwa ya tsiro. Wannan ya ɗan huce mini haushin 1898.

Itatuwan da na bi ta ƙarƙashinsu ma labari ne. A tsofaffin hotuna dutsen ƙwal yake, sai ciyawa da ake cinna wa wuta duk rani. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 masu sa kai suka duƙufa da dashe da kashe gobara, yau gefen kudu ya zama kurmi.

Zuwana ya dace da cikar wata, daren da ake kewaya dutsen. Kilomita 14 ce, ba takalmi, dutsen yana dama. Ibadarsu ce, don haka ban shiga ba, na sami shagon mai shayi a bakin hanya na zauna kallo. Dubun dubatar mutane ke wucewa tun magariba har asuba, tsofaffi, masu goyo, 'yan makaranta, attajiri kafaɗa da kafaɗa da lebura, kowa ƙafa a ƙasa. A gefen titi masu sadaka sun kafa manyan tukwane suna miƙa wa duk mai wucewa. Shara kam akwai ta, masu sayar da tarkace ma haka. Amma a iya zamana ban ga faɗa ba.

Wata kasuwar ta fi ta tarkace riba. Tun da ɗan jaridar Ingila Paul Brunton ya zo a farkon shekarun 1930, ya fitar da littafinsa kan masu ibadar Indiya a 1934, Turawa suka gano hanya. Marubuci Somerset Maugham ya zo a 1938, har ya suma a wurin. Yau unguwar da ke fuskantar ashram cike take da masaukai da gidajen shan kofi, bangaye sun sha takardun talla: wannan zai buɗe maka ido cikin mako guda, wancan yana da zama na musamman, ga farashi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, malaman irin wannan kan sauka da mabiyansu daga Turai da Amurka, da yawansu suna jingina kansu da tsohon. Shi kuwa bai naɗa halifa ba, bai ba kowa izini ba, bai ma yarda yana da almajirai ba. Kula da gidan ya bar wa ƙanensa, kuma zuriyar ƙanen ke riƙe da shi, amma kujerar koyarwa ba wanda ya gada. Wanda ya san yadda ake yi da sunan shehunai bayan ransu, a ko'ina, ba zai yi mamakin takardun bangon nan ba.

Ƙarshen tsohon sankara ce, a gwiwar hannun hagu. An yanka sau huɗu a 1949, tana dawowa. Likitoci suka ce a cire hannun, ya ƙi. Aka mai da shi wani ɗan ɗaki, ya ce kada a hana kowa ganinsa, mutane suka yi ta wucewa a layi ta gaban ƙofa safe da yamma har ranar ƙarshe. Mai ɗaukar hoton nan na Faransa, Henri Cartier-Bresson, yana garin, shi ya ɗauki hotunansa na kwanakin ƙarshe. Ya cika ranar 14 ga Afrilu 1950, da ƙarfe 8:47 na dare, yana da shekara 70.

A bakin wannan ɗaki na haɗu da wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya ce tun yana saurayi yake zuwa, da ya yi ritaya kuma ya kama haya a unguwar. Muka zauna a kan dakali. Na ce, "Baba, duk shekarun nan kana wannan tambaya, ka sami amsa kuwa?"

Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce amsa kam tukuna. Abin da ya sani dai, shari'ar iyakar fili da ya yi shekaru yana yi da ɗan baffansa ya janye ta, don ya nemi wanda aka ci wa iyakar ya rasa, matarsa kuma ta ce yanzu ana iya zama da shi. Sai ya tambaye ni daga ina. Da ya ji Najeriya, sai ya gyara zama. Ashe a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, lokacin da aka ba Indiyawa riƙon hukumar jiragen ƙasanmu, akwai abokan aikinsa da suka je. Yana son jin ko layin Legas zuwa Kano yana nan da siririn faɗinsa na milimita 1,067. Na ce yana nan, amma an ja sabo daga Abuja zuwa Kaduna a 2016, mai 1,435. Ya girgiza kai, ya ce nasu 1,676 ne, ya ɗauko biro ya shiga zana mini a bayan tikitin bas dalilin da ya sa nasu ya fi ɗaukar kaya. Muna kan wannan har aka buga ƙararrawar shayin la'asar.